Tsiren Wanda Ya Sha Kaye

Daren Lahadi, Sevran

Jam'iyyar Baba ta ƙwace rinjaye a majalisar dokokin jiharmu. A jirgin ƙasa na ga sakamakon a waya, na kwashe da dariya ni kaɗai, har wata tsohuwa ta sauya kujera.

A gidanmu, duk wanda jam'iyyarsa ta sha kaye shi ke sayen tsire. Tun ina yaro Baba ke saye. Yaya Nasiru, da yake ɗan ɗaya ɓangaren ne, sai ya sunkuyar da kai yana ci yana ɓoye murmushi. Baba ya ce, "Ci abinka, wata rana naka zan ci."

Bara Baba ya rasu muna nan ƙasar waje, ba mu samu jana'iza ba.

Ina shiga ɗaki na kira Yaya a garin Lyon don in yi masa tsiya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Na gani. Tun la'asar na sayo naman, na gasa, har yaji na barbaɗa."

Na ce to, Allah ya kama ka.

Sai ya ce, "Sani, wa zan miƙa wa?"

Har yanzu ban ci abincin dare ba.