Kuɗin Ajiyata da Kwanon Alhaji Wakili

Lahadi, 7 ga Mayu, 2006

Wai turare. Turarena na wuta ne zai cinye min naira dubu arba'in.

Bari in rubuta yadda aka yi kafin haushi ya sa in ƙara gishiri. Shekara huɗu muna haya a gidan Alhaji Wakili a bayan Kubwa. Da za mu shiga, ban da kuɗin haya, sai da muka ba shi kuɗin ajiya, wanda mai gida ke riƙewa don ko ɗan haya ya ɓata wani abu, in bai ɓata ba a mayar masa ranar tashi. Ƙarshen watan nan hayarmu za ta ƙare. Na samu wani gida a Dutse ta nan Abuja, kusa da inda motar ma'aikatarmu ke ɗaukar mutane, na biya hayar shekara da kuɗin adashina. Saura kuɗin ajiyar can. Mai gidan ya ce ba mabuɗi sai an kawo su, kuma in farkon Yuni ya wuce zai mayar min da kuɗina ya ba wani. Shirina shi ne in karɓa a nan in miƙa a can.

Jiya mijina, Baban Zahra, ya zo daga Yola, shi ya sa Alhaji ya samu shigowa duba gida. In ba haka ba, mutumin nan bai taɓa ƙetare labulen ƙofata ba. Can bakin famfo yake tsayawa, ya juya wa ƙofa baya, ya yi ta sallama kamar mai gaisawa da katanga. Ya shigo, ya ɗaga kai, ya ce, "Maman Zahra, ai hayaƙi ya ci silin ɗin nan. Sai an yi wa sashen fenti gaba ɗaya. In wani abu ya rage a ba ku."

Na ce, "Alhaji, ƙamshi ne ɓarna?"

Baban Zahra ya taka min ƙafa. Shi kullum a zauna lafiya. Yau ya hau mota ya koma Yola da zaman lafiyarsa, ya bar ni da silin.

Talata, 9 ga Mayu

Na duba silin da kaina. Lafiyarsa lau.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na dawo daga ofis na tarar da layinmu kamar gidan makoki. Masu rusau sun zo, sun bi gida gida da jan fenti. Namu ma ya samu, ƙaton gicciye a jikin katanga daidai tagar Zahra. Ta ce, "Mama, wa ya ci mu gyara?" Haka malamarsu ke musu a littafi.

Margaret maƙwabciyata, mai sayar da abinci a bakin titi, tana zaune a kan bokiti tana kuka. Ta ce, "Batulu, wannan Abuja bai son talaka. Ni ina zan kai tukunya na?" Na dafa kafaɗarta. Amma Allah ya gani, abu na farko da ya faɗo min a rai shi ne: to, yanzu sai in ga gidan da za a yi wa fenti.

Asabar, 13 ga Mayu

Na hau mota har kasuwar Dei-Dei, shagon da Alhaji yake sayar da kayan famfo. Na same shi a cikin tulin bututai yana shan shayi. Na gaishe shi da ladabi, har da rusunawa, don kada a ce. Sannan na ce tunda maganar fenti ta mutu, na zo karɓar kuɗina.

Ya ce, "Wa ya ce ta mutu? Gidana ba za a rushe shi ba. Ina da takardu. Akwai wanda nake gani a cikin gari, ya ce kuskure aka yi, za a goge."

"Alhaji, layi guda aka yi wa kuskure?"

"Ke dai ki yi haƙuri, 'yata."

'Yata! In 'yarsa ce, zai bar ta a titi da yarinya? Na fito ina huci, har wani mai kura ya kusa kwashe ni. Gidan da ke jiran katafila ne za a shafa wa fenti da kuɗina. Ko a wasan kwaikwayo ban taɓa ganin irin wannan ba.

Laraba, 17 ga Mayu

Masu haya sun fara watsewa. Margaret ta kai kayanta coci ajiya, ita kuma tana kwana a rumfarta.

Na kwashe namu ni ma, zuwa gidan Goggo Indo, ƙanwar babana, a Dutse. Kujeruna suna barandarta an rufe da leda, ni da Zahra muna falo a kan katifa. Yadda Goggo take tsallake akwatina in za ta wuce ya ishe ni jawabi.

Sai dai ban kwashe duka ba. Na bar labulen ƙofa a rataye. Na bar takalmana silifa a bakin ƙofar, da tabarma da buta da kaskon turare a ciki. Mabuɗi kuma yana jakata. Hayata ba ta ƙare ba sai ƙarshen wata, ɗakina ne.

Asabar, 20 ga Mayu

Mutumin Alhaji na cikin gari ya kashe waya. Margaret ce ta ba ni labari, ta ce ba ƙananan kuɗi ya karɓa ba. Ban yi dariya ba. Na ɗan yi, kaɗan.

Yanzu Alhaji ya yarda za a rushe. An ce ranar ƙarshe ta wata za su zo. Kowa a layin ya hau kan gidansa yana cire abin da zai ciru, kwano, ƙofofi, tagogi, katako, don abin da katafila ta tarar nata ne. Ƙarar guduma ko'ina. Kafintocin Alhaji sun kware sashen Margaret da ɗakunan baya, suka zo kan nawa suka tsaya. Nawa ne babba, falo da ɗaki biyu, kuma shi aka rufa da dogon kwanon nan mai tsada.

Ina ciki na zuba turare a kasko, sai na ji sallamarsa daga bakin famfo. Na amsa ta bayan labule.

"Maman Zahra, so nake yara su hau rufi."

"Su hau mana, Alhaji. Gidanka ne."

"Subhanallahi! Ƙarti su yaye rufi a kan ɗakin matar aure? Ki sauke labulenki, ki fitar da kayanki, in sayar da kwanon in ba ki kuɗinki."

"A'a. Kuɗi su fara shiga hannuna, sannan labule ya sauka."

"Wallahi yanzu ba ni da su."

"Makon jiya fenti ne, Alhaji. Yau kuma babu ne. Gobe ban san me zai zama ba."

Ya daɗe a tsaye. Na ƙara garwashi, na bar hayaƙin yana fita ta ƙasan labule ya same shi a can. Tunda turare ne laifina, to ya sha.

Lahadi, 21 ga Mayu

Baban Zahra ya bugo. Alhaji ya kira shi, shi kuma, kamar yadda na zata, ya ce ya ba shi izini ya shiga ya yi abin da zai yi. Amma wai Alhaji ya ce a'a, izinin miji daban, kayan mace a ɗaki daban, sai na sauke labulen da hannuna.

"Batulu, dattijo ne. Ki bar masa, Allah zai ba mu wasu."

Na ce Allah ya riga ya ba mu, suna aljihun dattijon. Na tambaye shi ko shi zai zo ya kwana a falon Goggo. Ya ce katinsa zai ƙare. Kullum katinsa a daidai nan yake ƙarewa.

Talata, 23 ga Mayu

Kafin in tafi ofis na biya na kunna turare. In na tashi aiki ma haka. Kuɗin mota ya ninku, ban damu ba.

Margaret ta ce, "Oga lanlod ya san ba ki kwana a nan fa. Ni na gaya mishi. Na ce Alhaji, kawai ka fasa wannan ƙofa, ba kowa a ciki. Ya ce Margaret, ba haka muke yi ba." Ta girgiza kai. "Ku Hausa, wahala na ku daban ne. Tsumma ɗaya ya hana mutum shiga gida na shi."

Tsumma! Leshi ne, daga Kantin Kwari yayata ta kawo min.

Juma'a, 26 ga Mayu

Mai gidan Dutse ya sake tuna min. Na ce masa in sha Allahu kafin wa'adi. Alhaji zai kawo su. Kwanon nan ya ninka kuɗina ban san sau nawa ba, ba zai zuba ido a niƙe shi ba. Zai ranta a kasuwa, duk Dei-Dei an san shi. Ran Litinin hutu ne, zan zauna a ɗakin tun safe in jira shi.

Goggo ta ce, "Ke da kunyar mutum kike yaƙarsa?" Na ce shi da me ya yaƙe ni?

Asabar, 27 ga Mayu

Sun zo yau. Ba ƙarshen wata ba, yau.

Ina wankin kayan makarantar Zahra Margaret ta bugo tana ihu. Kafin in samu mota, kafin mu fita daga cunkoso, an gama. Na sauka ban gane layinmu ba. Sai da na ga bishiyar mangwaron gidan sannan na san inda nake. Dogon kwanon yana cikin ɓaraguzai a murɗe kamar takardar da aka dunƙule.

Margaret ta ja ni gefe ta ba ni labari. Da katafila ta juyo kan sashena, Alhaji ya sha gabanta ya ɗaga hannu. 'Yan sanda suna masa tsawa, shi yana cewa a dakata, ƙila akwai mace a ciki, don ya ji ƙamshi da safe. Ya je bakin famfo, wai har a wannan halin ya juya baya, ya kwaɗa sallama sau uku. Ba amsa. Direba ya ce ya leƙa mana. Ya ƙi. Sai da aka kira Margaret daga rumfarta, aka ɓalle mata ƙofar, ta shiga ta duba ko'ina ta fito ta ce ba kowa. Sannan ya matsa.

Na hango shi zaune a kan wani bulo, hularsa a gwiwa. Na so in juya, ya riga ya gan ni. Na shirya amsar duk abin da zai faɗa, tun a mota nake jera su.

Ya ce, "Maman Zahra, ina yarinyar? Tana lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"To, alhamdu lillahi."

Shi ke nan fa. Ya mayar da kansa ƙasa.

Ni ban turo katafila ba. Ni ban canza rana ba. Da ya ba ni kuɗina tun farko, da duk wannan bai faru ba. Na faɗa wa Goggo haka, na faɗa wa Baban Zahra haka, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan faɗa masa.

Lahadi, 28 ga Mayu

Ba wanda ya tambaye ni.

Laraba, 31 ga Mayu

Margaret ta zo har ofis, masu gadi suka kira ni bakin get. Ta ciro ƙulli daga cikin zaninta. Dubu arba'in cif, tsofaffin takardu, wasu da jirwayen man girki, don a rumfarta ta ajiye su. Ta ce Alhaji ya sayar da ƙofofin da ya samu cirewa, ya sallami sauran masu haya, ya ce nawa a kawo min yau don ya ji ana jirana a Dutse. Ban san wa ya gaya masa ba. Baban Zahra, ina jin.

Na ce, "Bai cire na fenti ba?"

Ta dube ni wani iri. Ta ce, "Batulu, wani fenti?"

Na karɓa. Haƙƙina ne, me zai sa in ƙi? Da yamma na kai wa mai gidan Dutse, ya ba ni mabuɗi. Zahra ta yi ta zagaye ɗakunan a guje. Na ci nasara, kuma ina so ya zama a rubuce cewa na ci.

Abinci ne dai ya ƙi shiga.

Asabar, 3 ga Yuni

Mun tare. Goggo ta raka mu da fara'ar da ban ga irinta ba tunda muka sauka gidanta.

Famfon banɗaki yana ɗiga, na je Dei-Dei neman sabon kan famfo. Ba shagon Alhaji na nufa ba, hanya ce ta bi da ni ta layinsu. Yana ciki, ya rame. Na ji yana ce wa maƙwabcinsa yana da ɗan fili wajen Zuba, in Allah ya hore zai tayar da ko ɗaki biyu ne, bulo ba wuya, rufi ne abin ji. Bai gan ni ba. Na saya a wani shagon.

A hanyar fita na ratsa ta wajen masu kwano. Tambaya kawai na yi, mutum ai yana iya tambayar farashi. Da mai shagon ya faɗi kuɗin dogon kwano sai da na dafa kantar shagon. Na ce na gama-gari fa, bandir nawa? Ya faɗa. Na ce in mutum zai riƙa biya kaɗan kaɗan duk ƙarshen wata, yana ajiye masa? Ya ce yana ajiyewa, da sunan wa?

Na ce masa zan dawo. Albashi dai sai ashirin da biyar ga wata.