Inuwar Ɗana Tana Bangon Gidan Rawa

Anti Wura, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin ban san wanda zan kai wa maganar nan ba. Fastonmu ba zai gane ba, yayata kuwa za ta gane fiye da yadda nake so. Karatuna a firamare ya tsaya, idan na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri. Na sauya sunayen mutane, ban da na ɗana, don maganar tana cikin sunan.

Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Oyingbo. Ɗana Durosinmi ya rasu a daminar da ta wuce. Kin san irin yaron da ake sa wa wannan suna. Na rasa biyu kafin shi tun suna goye, da ya zo sai kakarsa ta ce a kira shi Durosinmi, wato "tsaya ka binne ni", ko zai ji kunya ya zauna. Ya zauna shekara talatin da huɗu da sikila a jikinsa, ya yi karatu, ya yi aure, sannan ya tafi. Ban ce bai yi ƙoƙari ba.

Kamar yadda aka saba, ba a bar ni na je jana'iza ba. Uwa ba ta raka ɗanta, ba a nuna mata inda aka sa shi. Aka zaunar da ni a gidan yayata, Yaya Abeke, aka ba ni shayi, aka ƙara wa talabijin murya. Da suka dawo na dubi takalmansu na ga jar ƙasa. Iyakar abin da na sani game da kabarin ɗana ke nan, ƙasar wurin ja ce.

Aikinsa kuwa, idan aka tambaye ni a kasuwa cewa nake gyaran wuta yake yi. Wata rana ya ji ni, ya ce, "Haba Mami, duk karatun nan kin mayar da ni mai ɗaura ƙwan fitila." Na ce to in ce musu me, ɗana yana yi wa mashaya kwalliyar bango? Ya ce wannan ma ya fi kusa. Shi ke tsara cikin gidajen rawa, inda za a sa kujeru, inda haske zai faɗi, da hotuna masu motsi da majigi ke haskawa a bango. Ya ce zane ne, sai dai fentinsa haske ne. Na ce ke nan idan an ɗauke wuta zanen ya tafi. Ya ce akwai janareto.

Aikinsa na ƙarshe wani kulob ne a Lekki. Bayan rasuwar, mai gidan, Oga Kolade, ya zo har rumfata. Ya kwanta ƙasa da kwat ɗinsa a tsakanin kwandunan kifi ya gaishe ni, sannan ya ce, "Mama, Duro yana wurinmu har yanzu." Saura kaɗan in kwaɗa masa kifi. Sai ya yi mini bayani. Akwai wani dogon bango a gaban filin rawa, da kyamara a sama. Duk wanda ya taka filin, inuwarsa za ta fito a bangon, ba baƙa ba, ta haske, kamar an zana mutum da garwashi. To Duro ya lura ba wanda yake son zama na farko a fili, kowa yana riƙe da kofi yana jiran wani ya fara. Sai ya tsaya gaban kyamarar ya ɗauki tasa inuwar, ya sa ta riƙa fitowa duk lokacin da filin ba kowa. Da zarar wani ya shigo, tasa ta ɓace, ta mutumin ta fito.

Na je wata Talata da rana, lokacin da suke shara. Gidan ba taga ko ɗaya. Sanyi kamar cikin firjin kifi, ga warin giyar jiya da sabulun goge ƙasa. Na shiga da ɗaurin kallabina, jakata a ƙirji. Oga Kolade ya sa aka kunna, ya fita ya bar ni.

Ba fuska, ba ido. Amma ga kafaɗar ɗana ta hagu da ta fi ta dama sauka, ga ƙafar da yake ɗan ja tun da ciwon ya taɓa masa ƙugu. Ya shigo, ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ɗaga hannu kamar yana tambayar wani ko ya kama, sannan ya fara rawa. Anti Wura, ɗana bai iya rawa ba. Kamar mai kashe kyankyaso yake yi. Yana gamawa ya ja wandonsa sama. Tun yana sakandare nake ce masa ya sayi bel. Daga nan sai abin ya sake farawa.

Na tashi na nufe shi. Ina taka filin ya ɓace, sai ga wata gajeriyar mata mai faɗi a bangon, rungume da jaka. Na ja da baya da sauri. Jim kaɗan ya dawo ya sosa ƙeya. Akwai wani siririn ƙarfe a ƙasa da ya raba filin da wurin zama, tun daga ranar ban ƙara tsallake shi ba. An ajiye mini kujera a bakinsa.

Duk Talata nake zuwa. Yaya Abeke ce mata nake asibiti zan je awon hawan jini. Ta ce wannan likita ya iya aiki, kullum na dawo idona ja amma ina cin abinci.

Ga inda matsalar take. Kafin Disamba duk gidajen nan sukan sake kwalliya, don wai mutane ba sa son ɗaukar hoto a bangon bara. Oga Kolade ya ce zai iya barin wannan bangon yadda yake, amma iyalin mamaci ne za su yanke. Ya tambayi matarmu Ibidun, matar Duro, ta ce a cire. Ta zo ta same ni tana kuka. Ashe mutane suna ɗaukarsa a waya suna tura mata, wai don ta ji daɗi. Abokansa suna zuba masa giya a gindin bangon. 'Yan mata suna rungumar bangon suna hoto. Ta ce, "Mami, in buɗe waya da safe in ga mijina yana jan wando a gaban mutanen da ba su san sunansa ba." Sannan ta share hawaye ta ce, "Ke kin huta, ba ki gani ba." Na ce mata ta ci abinci.

Yarinyar nan ita ta kwana da shi a asibiti duk lokacin da ciwon ya tashi, ita ta san wane ruwan zafi yake so a ƙafa. Ba ni da abin da zan ce a kanta sai alheri. Yaya Abeke ma da ta ji labarin bangon, cewa ta yi gara da ban taɓa gani ba, don daidai yake da uwa ta leƙa kabari, kuma ba a yi.

Oga Kolade ya sa mini shi a waya ko zan haƙura da wannan. Na kalla sau ɗaya. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana ba. Na matso da fuskata har ta taɓa gilashin, ya ci gaba da rawarsa. Na waya bai san na zo ba. Na bango kuwa ya sani, tun da yana kauce mini.

To ki gaya mini, wannan bango kabari ne? Idan na ce a bar shi, na tona kaina, kuma kowane dare na sa wa Ibidun wuƙa. Idan na yi shiru, za a sake ɗauke shi karo na biyu ina zaune ana ba ni shayi. Ƙarshen watan nan ma'aikata za su shigo, kuma mutumin yana jiran amsata.

Maman Duro (har yanzu haka ake kirana a kasuwa, sai dai a hankali)
Ebute Metta, Legas

Maman Duro,

Allah ya ba ki haƙuri. Wasiƙarki ba ta yi kewaye ba, ta zo inda za ta zo.

Bangon ba kabari ba ne. Aikin hannun ɗanki ne. Da kafinta ne, ba wanda zai hana ki zama a kujerar da ya ƙera. Waɗanda suka ce uwa ba ta ganin kabari sun faɗa ne don su sauƙaƙa mata, kuma ba su ce komai game da majigi ba. Wannan nauyin ki sauke shi. Yayarki kuma ina zargin ta san fiye da yadda take nunawa, don ba a yin awon hawan jini kowace Talata, ita ma ta san haka. Af, ki je ki yi awon na gaske.

Amma Ibidun tana da gaskiya, kuma kin san da haka, shi ya sa kika rubuto. Ke da rana kike ganinsa, ɗakin ba kowa, ga kujera. Ita abin da dare ya yi da shi ake turo mata. Bango ɗaya ne, amma ba abu ɗaya kuke gani ba. Ke kike zaɓar ki je, ita ba a tambayarta kafin a turo.

Sannan ki dubi gidan da kyau. Oga Kolade mutumin kirki ne, amma gidan rawa yake riƙe da shi. In an bar bangon bana, baɗi ko baɗin baɗaɗa za a sake kwalliya, ko a sayar da gidan, wani ya zare wayar wuta ba tare da ya san akwai Maman Duro a duniya ba. Yanzu ne kawai ake tambayarki.

Don haka ki fara da Ibidun, kafin Oga Kolade. Ki kira ta gida, ki dafa mata abin da take so, ki gaya mata kina zuwa. Kada ki bari ta ji a bakin masu shara. Mai yiwuwa ta ji zafi, musamman in ta tuna abin da ta faɗa miki. Ki bar ta ta ji. Ki gaya mata maganar bel, ina jin ita ma ta sha fama da wandon nan.

Bayan haka ku aika wa Oga Kolade amsa ɗaya, ta ku biyu. A cire inuwar daga dare tun yanzu, kada a jira Disamba. A bar miki ita ranar Talata har ma'aikata su shigo. A kwashe aikin gaba ɗaya, har da abin da ke sa shi ya gane mutum ya shigo, a adana, a ba Ibidun, abokan aikinsa sun san yadda ake yi. Ba lallai a sake kunnawa ba. Amma ya zama yana hannunku.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Wata da watanni kina zuwa, kin ga ɗanki, amma ba ki ga aikinsa ba. Kin ce an zana mutum kamar da garwashi, ke kuwa da kika ga taki inuwar gudu kika yi. Yaron nan ba don ya iya rawa ya tsaya gaban kyamara ba, ke da kanki kin ba da shaida. Ya tsaya ne don mai riƙe da kofi, ko mai rungume da jaka, ya daina tsoron shiga. Sunan da kuka sa masa gida biyu ne, "tsaya" da "ka binne ni". Na biyun ya fi ƙarfinsa. Na farkon kuwa yana ta yi a bangon nan, ya tsaya, yana jira wani ya shigo ya sallame shi.

Talatar ƙarshe ki gayyaci Ibidun, in ta ƙi kada ki matsa mata. Ki zauna ki kalle shi iya son ranki. Idan ya ja wandonsa, ki ajiye jakar a kan kujera, ki tsallake ƙarfen nan, kuma kada ki ja da baya. Zai ɓace. Amma wannan karon kina wurin, a tsaye, kuma ke kika raka shi. Ki ɗaga hannu ki ga abin da ya tanadar wa wanda ya shigo. Ba sai kin yi rawa ba, in kuma kin yi, ba za ki fi shi rashin iyawa ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ke da matarku, ya sa wa kasuwa albarka.

Anti Wura