Tsinken Hindatu da littattafan da aka kulle

Zuwa ga Malam Hedimasta na makarantar unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Ni ce kakar Hindatu ta aji uku. Ka san ni, tare muka yi allo a zauren mahaifina kafin aure ya kawo ni nan daga ƙauyenmu na wajen Balan. Na sa an rubuta mini a fili ne don iyaye su ji, kada su ci gaba da zargin 'ya'yansu.

Na ɗaya, godiya. Hindatu yarinya ce da in an ce ɗauko littafi sai ciwon ciki ya tashi. A watan Safar kuka ba su aron littattafan nan masu ɗan zane a ƙasan shafi, wanda in an haska da waya sai murya ta karanta labarin. Ranar farko da babanta ya haska mata, sai da tuwonta ya huce. Ni ban yi boko ba, amma na gane abin: ai biyawa ce, irin wadda malam ke yi wa ɗalibi kafin ya sake shi.

Na biyu, laifina. Na ga tana jin muryar, idonta na yawo. Sai na karyo tsinken tsintsiya na ba ta, na ce ta bi kalma-kalma, kamar yadda aka koya mana, ni da kai. Mako uku tana bi, har ta kai tana kashe wayar ta karanta da kanta. Ban lura takardar ba ta da jimirin allo ba.

Na uku, kukana. Ranar Laraba ka ga layukan da tsinken ya kankare, ka ce yara ba su san darajar littafi ba, ka tattara na ajin duka ka kulle a kabad. Malam, ba ɓarna ba ce, sawun karatu ne. Hindatu ta san littafinta ne ka gani, ta yi shiru don kada ta ambaci sunana. Ni kuwa ba zan bari yara su ɗauki nauyin da ni na ɗora ba.

Roƙona: a buɗe kabad ɗin. Zan ɗinka wa kowane littafi gafaka da ƙyallayen da nake da su. Tsinke kuma na soke shi, yatsa ya isa.

Ka hanzarta, don Allah. Zuciyar yaro kamar kunu take, tana saurin hucewa. Jiya na iske ta a tsakar gida, ta durƙusa gaban buhun takin babanta, tana bin rubutun jikinsa da tsinken nan. Rubutun buhun kaɗai ya rage mata.

Allah ya ƙara maka haƙuri da mu da 'ya'yanmu, ya jiƙan malamin da ya riƙe mana tsinke.

Wassalam,
'Yar malaminka, kakar Hindatu.