Tsakuwar da Ke Cikin Firizarmu

Zuwa ga Manajan ofishin wutar lantarki mai kula da unguwarmu, nan Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina gajiyar aiki, yaya iyali? Ni ne Ayuba, tsohon leburan reluwe, mazaunin bayan layin dogo. Ban yi makaranta ba. Malam Ishaku, abokina na majami'a, shi ne yake rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana. Sau uku na zo ofishinku da ƙafata, mai gadi yana cewa ka fita. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Na farko, ka san ko su wa ke gidan. Mu uku ne: ni, da Rifkatu matar ɗana marigayi Bitrus, da 'yarsu Alheri mai wata goma sha ɗaya. Bitrus bai ga fuskar yarinyar ba. Rifkatu malama ce a wata makaranta gaba da Fadan Kagoma. Da sassafe take hawa mashin, sai yamma take dawowa. Ni ne mai reno, da furfurata. Na iya ɗaura zanin goyo, amma ban iya girki ba, kuma ba yanzu zan iya ba.

Na biyu, ga yadda muke yi. Kowace Asabar Rifkatu tana aikin kwana biyu a wuni ɗaya. Ta dafa faten acha da kabewa, ta yi alala ta yanka ta tsawon yatsa, ta dafa dankali, ta tsince ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya. Abin da za mu ci ne duka, sai dai na yarinya ba barkono, gishiri kaɗan. Ta zuba a robobi ta jera a firizar da Bitrus ya bari. Da yake ba na karatu, da launin murfi muke gane juna: ja na Litinin, shuɗi na Talata, haka har Juma'a. Ni nawa in ciro, in ɗumama sosai, in bari ya huce, in shimfiɗa tabarma. Alheri ta fara ci da hannunta. Takan damƙi alala, rabi a baki, rabi a kunne, ta miƙo mini sauran. In na kawo cokali sai ta ture. Taurin kan nan namu ne.

Na uku, abin da wutarku ta yi. Tun farkon damina taransifomar unguwarmu take ciwo. Ba ta mutu an huta ba. A kawo wuta wuni ɗaya, a ɗauke kwana biyu, a sake kawowa. Ranar wata Laraba na buɗe firiza, na danna robar ranar da babban yatsana, na ji ta tauri kamar dutse. Na shinshina, ba wari. Na ce lafiya. Ashe ta narke tun Litinin, ta kwana cikin ɗumi, wutarku ta dawo ta sake daskarar da ita. Ni da hannuna na ɗumama, ni na ajiye a gabanta, ina tafa mata tana ci. Kafin la'asar gudawa da amai suka kama ta. Kwana uku muka yi a asibiti, an ɗaure mata allurar ƙarin ruwa a hannun nan da take cin abinci da shi.

Ranka ya daɗe, ni ba baƙon ajiyar abinci ba ne. Uwata ta rataye nama a kan murhu ya yi wata uku. Mun zuba wake cikin toka, mun binne doya, mun shanya kuɓewa a kan dutse. Duk abin da ya lalace a cikinsu yakan faɗa maka, ko da wari ko da launi. Wannan akwatin naku ba ya faɗa. Ina cikin waɗanda suka haƙa ramukan turakun wutar unguwar nan, ba wanda ya ba mu ko ruwan sha, don an ce mana 'ya'yanmu za su huta. Ina iya nuna maka kowane rami.

Na huɗu, inda muke yau. Alheri ta warke, amma ta daina miƙa hannu. In ta ga roba sai ta juya fuska ta riƙe rigata. Makonni biyu a jere mun zubar da girkin Asabar, Rifkatu tana tsaye tana kallon kaji suna ci. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyar Rifkatu ta zo daga Samaru Kataf ta ce in wata ya ƙare ba a gyara wutar ba, za ta ɗauki yarinyar. Ba ni da bakin hana ta. In Alheri ta tafi, uwarta za ta bi ta, kuma daidai ne. Daga nan ba sauran wanda ke ɗauke da jinin Bitrus a gidan ubansa.

Roƙona biyu ne. A gyara taransifomar nan kafin ƙarshen wata. In ba za a iya ba, ku gaya mana gaskiya, ku ɗauke wutar gaba ɗaya, mu san ba mu da ita. Rabin wuta ne ya kusa kashe mini jika.

Wata nas ta koya mini dabara a asibiti: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsakuwa a kai, a bar shi cikin firiza. In tsakuwar ta nutse, to, kome ya narke. Kowace safiya ita nake fara dubawa, kafin ma in yi addu'a. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina samun ta a ƙasan kofi.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya raya maka 'ya'ya da jikoki, kada ya nuna maka ranar da za ka ji tsoron abincin da ke hannunka.

Wassalam.

Ayuba, kakan Alheri,
Bayan layin dogo, Kafanchan.