Ranar da Aka Yaye Allon Valbrune

Valbrune, 9 ga Agusta, 1964

Yaya Léonie,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maigidan da yara, yaya kuma ciwon gwiwar? Mama na nan da sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Jiya magajin gari ya shigo shagona, wai an cika shekara ashirin da korar Jamusawa daga garinmu, za a kafa allon sunayen jarumai a gaban coci, ni zan ɗinka ƙyallen rufe shi. Kin san sunan farko? Firmin Delsol! Firmin da ya zaunar da Mama a dandali ya aske mata kai ƙwal, wai tana yi wa sojojin Jamus wanki. Shi da bai shiga daji wurin mayaƙanmu ba sai da ya ga Jamusawa za su tafi. Alhali kowa ya san Mama ce ke kai wa mayaƙanmu burodi a ƙarƙashin kayan wankin nan.

Magajin gari ya ce, "Haba Hermance, a bar tone-tone mana." Na ce ya fitar min daga shago.

Ke kin tafi Lyon kin huta. Ni kullum sai na ga fuskar Firmin a kasuwa.

Ƙanwarki,
Hermance

Valbrune, 24 ga Agusta

Yaya Léonie,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Kin ce kada in je bikin yaye allon. To, na je.

Ana yaye ƙyallen na miƙe na faɗi komai. Firmin ya yi dariya ya ce, "Wannan ta sha giya ne?" Mutane suka sunkuyar da kai. Sai tsoho Gaston mai hannu ɗaya ya tashi ya ce, "Rufe mana baki, Firmin. Wata bakwai ina cin burodin uwar matar nan a daji."

Kada ki ɗauka na ji daɗi. Shekara ashirin Gaston yana wuce ƙofarmu bai ce uffan ba! Sunan Firmin na nan a allon, kuma mata uku sun kwashe ɗinkinsu daga wurina.

Da na dawo gida na gaya wa Mama. Sai ta ce, "Gaston ya ce burodin yana isarsu kuwa? Kullum ina jin tsoron bai ishe su ba."

Na fita bayan gida na yi kuka. Ki zo, Yaya. Ba zan iya ni kaɗai ba.

Taki har kullum,
Hermance