Kan Jirgin Baba da Ka Musanya

Kazaure, Jihar Jigawa

Zuwa ga ƙanena Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya a Ingila, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan muna shirin bikin autarmu Zulaikha, amma gidan ba daɗi, kuma kai ne sanadi.

Ka san ɗan kan jirgin ƙasan nan da Baba Kura ya ƙera da gwangwani bayan ya bar tuƙin jirgin kwal a hanyar Nguru. Tun da idonsa ya mutu, kullum da safe sai ya shafa ƙafafun jirgin yana ƙirgawa: biyu a gaba, takwas a tsakiya, biyu a baya, irin wanda ya tuƙa. Ka zo hutu ka saka shi a akwati don abokanka Turawa masu tara kayan jirgi, ka ajiye masa wani kore na kanti, mai tambarin tsohon kamfanin jirgin Ingila. Ka ce da gidan kaf fenti ka sa aka yi masa, kowa ya yarda. Haba Sharfuddeen, ko kunya!

Baba ya shafa, ya ji huɗu, shida, biyu. Ya sake ƙirgawa. Ya tambayi Inna Gumsu, ta rantse masa nasa ne, domin abin da ka gaya mata ke nan. Bai zargi kowa ba. Cewa ya yi ɗansa ba zai yi masa ƙarya ba, ashe hankalinsa ne ya fara tafiya. Yanzu ya aika wa liman cewa ba zai yi wa Zulaikha walicci ba, wai wanda hankalinsa ya gushe ba ya ba da aure. Yarinyar nan kuka take har ta rame. Jiya matarka ta yi suɓutar baki a waya, na ji komai. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba.

Kada ka aiko da turamen biki, ba ma so. Ka kira Baba kafin Juma'a ka faɗa da bakinka, sannan ka dawo masa da kayansa.

Inna Gumsu da Kawu Kyari suna gaishe ka, don ba su sani ba tukuna. Ka gaida yara. In Juma'a ta yi ban ji ka ba, ni zan durƙusa gaban Baba in gaya masa hankalinsa ƙalau yake, ɗansa ne ɓarawo.

Yayarka,
Batulu