Ɗingishin 'Yar Baƙa

Zuwa ga aminina Sarkin Baya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya iyali, ya gajiyar tsere? Da fatan cinyoyinka sun warke.

Ka dai ga abin da ya faru. Karo na biyu ke nan likitan dabbobi yana fitar da mu a tsakiyar tseren dogon zango, wai goɗiyata 'Yar Baƙa tana ɗingishi. An duba kofato, an duba jijiya, ba a ga komai ba. A gida lafiya lau take takawa. Ina jin tsufa ne. Wani mai koyar da hawa zai zo ƙarshen wata ya tafi da ita, yara su riƙa zagaya fili a kanta. Raina ba ya so, amma ba zan ci gaba da wahalar da ita ba.

Ka huta lafiya.
Dogo

*

Mutumina Dogo,

Wa alaikumus salam. Cinyoyi kuwa sai addu'a! Da baya-baya nake sauka daga bene, uwargida tana bina da dariya. Warin man zafi ya kori kyanwa daga ɗakina.

Kada ka kuskura ka ba da goɗiyar nan. Ku kuka sa mini Sarkin Baya saboda kullum ƙurarku nake sha. To, na baya ya fi kowa sanin ƙeyar na gaba. Da an wuce zango na biyu kake karkacewa, nauyinka duk ya koma likkafar hagu. In ka sauka kuma, sai ka dafe sirdi wai kana gyaran majayi. Majayin me, Dogo? Tsayuwa ce take gagarar ka. Kai ne mai ciwon ƙugu, ita kuma tana ɗauke da kai a karkace har ƙafarta ta gaji.

Na daɗe ina gani, nauyinka nake ji. Ara mini ita tsere mai zuwa. Kai kuma ka je wajen likitan mutane, ai ba dawaki kaɗai ake dubawa ba.

A gaida maman yara.
Naka, Sarkin Baya

*

Aminina,

Salama da gaisuwa. Na yi fushi da kai, har na jefa wasiƙarka bayan gado. Maman yara ta tsinta, ta karanta, ta ce, “Gara shi da ya faɗa. Ni nake jin nishinka in kana sa takalmi.”

Na je asibiti. An ce gaɓar ƙugun ta cinye, sai an yi aiki, kuma hawan dogon zango ya ƙare mini. Na ce wa mai koyar da hawa ya dakata.

Gobe mota za ta kawo maka ita. Ka sassauta majayi kafin ka ba ta ruwa, kuma kada ka ja linzami a gangare, ta fi ka sanin hanya. In ta yi ɗingishi da kai, laifin tsufanta ne. In ba ta yi ba, ni na cuce ta. Wallahi ban san wanne zan roƙa ba.

Allah ya kiyaye hanya.
Dogo

*

Dogo,

Salam. Likitan dabbobi ya sa 'Yar Baƙa sassarfa a kowane zango, ko alamar ɗingishi babu. Mu muka zo na ƙarshe, sarauta ba ta bar gida ba.

Maganar cuta kuwa ka bar ta. A kowane zango sai ta ɗaga kai tana dube-dube cikin masu bokitin da ke shayar da dawaki suna jiƙa su da soso, ta ƙi shan ruwa sai da lallashi. Kai take nema. A yi maka aikin nan ka zo ka tsaya mana a zango, ko da sanda ne. Na saya maka bokiti da soso.

Sai ka zo.
Sarkin Baya